Turancin 'Yan Jarida: Ƙananan Kalmomin da Ke Ɗauke da Nauyin Labari

Yawancin labaran duniya da mai sauraro yake ji da Hausa a rediyo, da asuba ko bayan magariba, da Turanci aka fara rubuta su. Wakilin wani kamfanin dillancin labarai ne ya aiko da su daga Washington ko Nairobi ko Legas, suka sauka a teburin ma'aikacin da zai mayar da su Hausa cikin 'yan mintoci kafin a buɗe masa makirufo. Kamfanonin da ke sayar wa duniya labari ba su da yawa, kuma sun daɗe a sana'ar: Associated Press ya samo asali ne a New York a 1846, Paul Julius Reuter, wanda ya kafa Reuters, ya buɗe ofishinsa a Landan a 1851, AFP na Faransa kuwa magajin kamfanin Havas ne da aka kafa a 1835. A cikin gida ma haka abin yake, domin sanarwar fadar shugaban ƙasa da ta rundunar soji da ta 'yan sanda a Najeriya da Turanci suke fitowa, kamar yadda na Nijar akasari suke fitowa da Faransanci. Tun daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a watan Janairun 1939, zuwa sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 da na Muryar Amurka a 1979, aikin jarida da Hausa bai taɓa rabuwa da fassara ba. Shi ya sa yadda 'yan jaridar Turanci suke zaɓen kalmominsu ya shafi har wanda bai taɓa shiga aji ba, tunda abin da aka zaɓa can shi ne yake iso masa nan a matsayin labari.

Kalmomin wannan sana'a kashi biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kashi na farko sunayen kayan aiki ne da na tsarin aiki, su ake fara koya wa ɗalibi, kuma kusan kowannensu yana ɗauke da tarihin zamanin da ya haife shi. “Press”, da ake kiran 'yan jarida da ita gaba ɗaya, asalinta injin da ke danna takarda a kan haruffan dalma ne, irin wanda Gutenberg ya yi aiki da shi a Jamus wajen 1450. “Broadcast” kalmar manoma ce ta yafa iri da hannu, masu gidajen rediyo na farko suka are ta a farkon shekarun 1920. “Magazine” daga Larabci ta fito, daga kalmar da ke nufin ɗakunan ajiya, kuma mujallar da Edward Cave ya fara bugawa a Landan a 1731 ce ta ba ta ma'anarta ta yanzu. “Tabloid” sunan ƙwayar magani ne da kamfanin Burroughs Wellcome ya yi wa rajista a 1884, daga baya aka liƙa shi ga ƙananan jaridu masu dunƙule labari, waɗanda da yawansu suka yi suna wajen kwarmato da tonon silili. Waɗannan suna da daɗin sani, amma ba su cika cutar da kowa ba, kuma Hausa ta daɗe da gamawa da su: ta ari rediyo da talabijin da edita, ta karɓi jarida da mujalla daga Larabci, ta ƙirƙiri kanun labarai da kafafen yaɗa labarai da labari da ɗumi-ɗuminsa.

Kashi na biyu shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙananan kalmomi ne da ido yake tsallakewa, amma su ne suke gaya wa mai karatu wane ne ya faɗi magana, da kuma iyakar inda ɗan jarida ya yarda ya tsaya a bayanta.

A ɗauki ma'aikacin da ke ɗakin labarai saura minti 20 a karanta labaran ƙarfe shida, na'urar sauraro rataye a wuyansa, jumla ɗaya tak a allon kwamfuta game da wani kwamishina da ake tambaya inda kuɗin gyaran asibiti suka shiga. Maganar kwamishinan ita ce kuɗin suna nan a asusu. Idan wakili ya rubuta “said”, to cewa ya yi kwamishina ya ce, bai ƙara komai nasa ba, kuma wannan ne dalilin da manyan kamfanonin dillancin labarai suke fifita wannan kalma ko da za ta maimaitu sau goma a rahoto ɗaya. Idan ya rubuta “claimed”, ya sanya shakka, yana nuna cewa iƙirari ne wanda babu hujjarsa tukuna. Idan ya rubuta “admitted”, ya nuna cewa mutumin ya amsa abin da ya so ɓoyewa, wato an riga an jingina masa laifi. Idan kuwa “confirmed” ya rubuta, to ɗan jaridar da kansa ya shiga cikin maganar, yana shaida cewa abin gaskiya ne kuma kwamishina tabbatar da shi kawai ya yi. Maganar kwamishina ba ta canja ba ko da harafi ɗaya, amma mai sauraro zai tashi da fahimta huɗu dabam-dabam dangane da wadda mai fassara ya ɗauko. Hausa tana da kowacce daga cikinsu: ya ce, ya yi iƙirari, ya amsa, ya tabbatar. Matsalar da nake yawan ji a gidajen rediyonmu ita ce son ƙawata magana, inda ake ganin “ya ce” ta yi araha, sai a koma “ya bayyana” ko “ya tabbatar da cewa” a kowace jumla, alhali bayyanawa tana nufin fito da abin da yake akwai, tabbatarwa kuma ta fi ta ƙarfi. Ta haka ake mayar da maganar ɗan siyasa, wadda ba wanda ya bincika, ta zama kamar hukuncin gidan rediyo.

Irin wannan bambanci yana tsakanin “deny” da “refute”. Ta farko musantawa ce kawai, mutum ya ce ban yi ba. Ta biyu a asalin ma'anarta tana nufin ya kawo hujjar da ta rusa zargin, kuma littattafan ƙa'idojin rubutu na jaridun Birtaniya sun daɗe suna gargaɗin ma'aikatansu kada su haɗa su. A Hausa ma wanda ya musanta dabam, wanda ya ƙaryata dabam, domin ta biyun tana karkata kunne zuwa ga cewa mai zargin ne maƙaryaci. Haka nan “reportedly”, wadda ke nufin an ruwaito amma mu ba mu gani ba. Kalmar “wai” ta fi kowace kusa da ita, sai dai a bakin Bahaushe “wai” takan ɗauki raini ko rashin yarda, shi ya sa masu karanta labarai suka fi son “rahotanni na cewa”. Wannan zaɓi ne mai kyau muddin akwai rahotannin, kuma an san daga inda suka fito.

Inda kalma ta fi saurin ɓata rayuwar mutum shi ne labarin aikata laifi. Turancin shari'a yana da matakai a jere, kowane da sunansa: wanda ake zargi, wanda aka kama, wanda aka tuhuma, wanda aka gurfanar, sannan wanda kotu ta samu da laifi ko ta wanke. Ɗan jarida bai da ikon tsallake mataki. Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma wannan ƙa'ida ce ta sa “alleged” da “suspect”, kalmomin da ke nuna zargi ne kawai ake yi, suka cika labaran Turanci. Abin da ya faru a Bristol ta Ingila ya nuna abin da ke biyo baya idan aka yi sakaci da ita. A watan Disambar 2010 aka kashe wata matashiya, 'yan sanda suka kama mai gidan da take haya, wani malamin makaranta mai ritaya, don yi masa tambayoyi. Cikin 'yan kwanaki wasu jaridu suka cika shafukansu da hotonsa da bayanin kamanninsa da halayensa, ta yadda mai karatu zai ɗauka an gama shari'a. An sake shi ba tare da tuhuma ba, kuma a 2011 kotu ta samu wani maƙwabci da laifin kisan. Jaridu takwas suka biya malamin diyyar ɓata suna, sannan aka ci tarar Daily Mirror fam 50,000 da The Sun fam 18,000 saboda raina kotu. Abin lura a nan shi ne, a dokar Ingila, maimaita ƙazafi shi ma ƙazafi ne, kuma saka “allegedly” a gaban jumla ba ya zama garkuwa idan sauran rubutun yana nuna mutum a matsayin mai laifi. Idan muka dawo gida, kanun labari irin “dubun wani ɓarawo ta cika” yana da daɗi a kunne, kuma Hausa ce tsantsa, amma ya riga ya yanke hukunci tun ranar kamu. Mutumin da aka yi holinsa a gaban kyamara da wannan suna, ko da alƙali ya sallame shi bayan wata shida, unguwarsu ba za ta ji labarin sallamar da ƙarfin da ta ji na kamun ba.

Sai batun majiya. A aikin jaridar Turanci akwai yarjejeniya tsakanin ɗan jarida da mai ba shi bayani, kuma kowane mataki da sunansa. Maganar da aka yi “on the record” ana iya buga ta da sunan mai ita. Wadda aka yi “on background” ana buga ta amma a sakaya sunan, a ce wani babban jami'i ne ya faɗa. Wadda aka yi “off the record” ba ta bugawa ba ce, haske ne kawai aka ba ɗan jarida ya je ya nemi hujja a wani wuri. Sakaya suna yana da amfanin da ba a musu: da shi ne Bob Woodward da Carl Bernstein na jaridar Washington Post suka bi diddigin badaƙalar Watergate tun daga 1972 har Shugaba Nixon na Amurka ya yi murabus a 1974, kuma sai a 2005 duniya ta san cewa babbar majiyarsu Mark Felt ne, mataimakin shugaban hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, a lokacin. Amma ta wannan ƙofa ce kuma aka shigo da labarin cewa Iraƙi tana da makaman ƙare-dangi kafin mamayar 2003, inda jami'an da ba a ambaci sunansu ba suka riƙa ciyar da manyan jaridu bayanan da daga baya suka zama ba su da tushe. A watan Mayun 2004 jaridar New York Times ta buga sanarwa ga masu karatunta tana amsa cewa wasu rahotanninta a kan batun ba su samu binciken da ya kamata ba. Don haka idan mai sauraro ya ji “wata majiya mai tushe”, yana da haƙƙin ya tambaya ko majiyar ta ga abin da idonta, ko ita ma ji ta yi, da kuma abin da za ta samu idan labarin ya fita.

Mafi nauyin kalmomin duka su ne sunayen da ake laƙaba wa mutane da abubuwan da suka faru, domin wasunsu suna da sakamako a doka. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, kamfanin Reuters ya sha suka a Amurka saboda ya tsaya a kan ƙa'idarsa ta ƙin kiran kowa “terrorist” da bakinsa, sai dai ya ruwaito cewa wane ya kira wane da haka. BBC tana da ƙa'ida makamanciyar wannan, kuma ta jawo mata ce-ce-ku-ce mai zafi a Birtaniya a watan Oktoban 2023 game da Hamas. Hujjarsu ita ce aikin ɗan jarida ya faɗi abin da aka aikata, wane ya dasa bam, mutum nawa suka mutu, ya bar mai sauraro ya sanya sunan, tunda gwamnatoci suna canja wanda suke kira ɗan ta'adda gwargwadon siyasar lokaci. Sunan Nelson Mandela bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai a 2008, shekaru bayan ya gama shugabancin Afirka ta Kudu. Masu sukar wannan ƙa'ida kuma suna cewa akwai ta'asar da ƙin kiran ta da sunanta shi ma ɗaukar ɓangare ne, kuma wannan hujja ce da ba za a yi watsi da ita ba. A Najeriya an yi irin wannan muhawara a kan masu kai hare-hare a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, waɗanda jaridun Turanci suke kira “bandits”, mu kuma muke ce musu 'yan bindiga ko 'yan fashin daji. A watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyinsu a matsayin na 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hukuncin a jaridarta ta hukuma a Janairun 2022, kuma daga nan dokar da ta hau kansu da kan masu taimaka musu ta canja. Akwai kuma ɗabi'ar da ya kamata a guje mata, ta haɗa sunan ƙabila ko sana'a da na maharan da ba a kama ba tukuna, domin hakan yana ɗora laifin wasu 'yan tsiraru a kan miliyoyin mutanen da su ma abin yake ci.

Gwamnatoci sun san wannan nauyi sarai, shi ya sa wani lokaci suke kewaye kalma da gangan. Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, amma sai a watan Oktoba Amurka ta kira abin “coup” a hukumance, saboda dokarta ta wajabta dakatar da wasu nau'o'in taimako ga ƙasar da aka yi wa juyin mulki. A Masar a 2013, lokacin da sojoji suka tuɓe Muhammad Mursi, Amurka ta ƙi furta kalmar kwata-kwata. A Ruwanda a 1994, yayin da ake kashe mutane kimanin 800,000 cikin kusan kwana 100, jami'an Amurka sun yi ta kauce wa kalmar “genocide” kai tsaye, saboda fargabar nauyin da yarjejeniyar 1948 kan kisan ƙare-dangi za ta ɗora musu. Haka abin yake tsakanin “refugee”, ɗan gudun hijira, da “migrant”, ɗan ci-rani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta ba ɗan gudun hijira kariya, ta hana a mayar da shi inda rayuwarsa ke cikin haɗari, kariyar da ɗan ci-rani ba shi da irinta. A 2013 Associated Press ta daina kiran mutum “illegal immigrant”, bisa hujjar cewa aiki ne yake saɓa wa doka, shi mutum ba a kiran sa haramtacce, kuma a watan Agustan 2015 sashen Turanci na Al Jazeera ya sanar da cewa zai riƙa kiran masu tsallaka Bahar Rum 'yan gudun hijira, ganin cewa da yawansu yaƙin Siriya ne ya koro su. Mu da muke da Agadas a kan wannan hanya, ya kamata mu lura cewa “baƙin haure” da muke faɗa a saukake tana siffanta mutum da wanda ya haura katanga, kuma ba duk wanda ya bi hamada ne ya cancanci wannan suna ba.

Akwai kuma kalmomin da aka ƙera don su sassauta abin da ya faru. Sanarwar soji takan ce an yi “neutralise” ɗin mutum kaza, ma'ana an kashe su, ko ta ce an samu “collateral damage”, ma'ana farar hula sun mutu. “Clash”, wato arangama, tana nuna ɓangarori biyu masu ƙarfi kusan ɗaya, saboda haka idan masu bindiga suka buɗe wa marasa makami wuta aka kira abin arangama, an raba laifin gida biyu ke nan. A wannan fage Hausa tana da tata ƙofar kuskure, domin “an kashe” da “sun rasa rayukansu” suna ba da labarin mutuwa cikakke ba tare da an ambaci wanda ya yi kisan ba. Idan ba a san shi ba, jumlar daidai take. Idan an san shi aka ɓoye, an tauye labarin.

Zamanin intanet ya ƙaro nasa kalmomin. Ƙamus ɗin Collins ya zaɓi “fake news” a matsayin kalmar shekarar 2017, shekarar da Donald Trump ya mayar da ita makamin jifan kafafen da ke sukarsa, har ta kai ga ana amfani da ita wajen kore duk labarin da bai yi wa mai mulki daɗi ba. Wannan ya sa masu bincike suka fi son raba abin biyu: “misinformation”, bayanin da ba daidai ba ne amma mai yaɗa shi ya ɗauka gaskiya ne, da “disinformation”, ƙaryar da aka shirya da gangan don a yaudari jama'a. Dattijon da ya tura wa 'yan'uwansa saƙon murya a WhatsApp game da wani magani yana cikin rukuni na farko, wanda ya zauna ya haɗa saƙon yana cikin na biyu, kuma maganin da za a yi wa kowannensu dabam ne, ɗaya ilimantarwa yake buƙata, ɗayan kuma fallasawa. Idan aka haɗa su duka a ƙarƙashin “labaran ƙarya”, wannan bambanci ya ɓace.

Wani abu na ƙarshe da ke yawan faɗuwa a hanya tsakanin harsunan biyu shi ne salon kanun labarai. Jaridun Birtaniya sukan saka magana tsakanin alamomin zance a kanun labari, ko su rubuta sunan mai maganar a ƙarshe bayan waƙafi, kuma mai karatunsu ya san wannan yana nufin iƙirarin wani ne, jaridar ba ta ɗauki nauyinsa ba. Alamar zance ba ta da sauti a rediyo, kuma hoton kanun labari da aka yanko aka tura a waya sau da yawa ba ya zuwa da sauran bayanin. Saboda haka ne ake koya wa masu rubuta labaran rediyo da talabijin su fara da mai magana kafin maganar, domin kunne ba ya iya komawa baya kamar ido. Idan mai karanta labarai ya ce sojoji sun kashe 'yan bindiga 40 a wani daji, sannan ya ƙara da “in ji rundunar” a ƙarshe, mai sauraro ya riga ya ajiye adadin a matsayin abin da gidan rediyo ya gani. Idan kuwa ya fara da cewa rundunar soji ta ce ta kashe 'yan bindiga 40, ya kuma ƙara da cewa babu wata majiya mai zaman kanta da ta tabbatar da adadin, to mai sauraro ya samu adadin tare da sanin daga bakin wa ya fito.